Shekarar da Maigidana Ya Bar Tuwo

Ƙarfe goma da rabi na safe ne, ranar Talata, ranar kasuwar garinmu. Mu huɗu ne a ɗakin: ni, da maigidana, da likitan ma'aikatan da ke gina madatsar ruwa ta Bakolori, da wani ma'aikacin asibiti mutumin Gusau da ke yi mana tafinta. Ban taɓa shiga asibitin ba sai ran nan, kuma ba don ina ciwo aka kai ni ba. Likitan ne ya ce ba zai faɗi magani ba sai an zo masa da wadda ke riƙe da tukunyar gidan. Maigidana ya daɗe yana jan ƙafa, don a wajenmu ba a fita da mace haka nan, daga baya ya ce in ɗauki mayafi in biyo shi.

Likitan Bature ne, dattijo, mai furfura har a gira. Ya sa maigidana ya hau ma'auni, ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, sannan ya juyo gare ni ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya ce: "Ya ce a gaya miki, zuciyar mijinki ta ɗaukar mutum ɗaya ce, yanzu kuwa nauyin mutum biyu take ɗauka. Jininsa ya hau, sukari ya fara nunawa a fitsarinsa. In nauyin nan bai sauka ba, ko dai zuciyar ta tsaya, ko ɓarin jikinsa ya shanye. Zai ba shi ƙwaya, amma ya ce babban maganin yana madafinki."

Kafin in faɗi abin da ya umarta, sai na koma baya, don a san yadda manomi ya kai ga wannan hali.

Ni 'yar Bakura ce. Na yi firamare na tsaya a aji huɗu, na iya karatu da rubutu daidai gwargwado. Aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Maradun, a bakin gulbi. A lokacin maigidana siriri ne, dogo, ana ganin jijiyoyin hannunsa. Da damina yana noma gero da dawa a tudu, da rani yana fadama wajen albasa da dankali. Yakan ci malmala uku ta tuwo, ya sha ƙwaryar fura, kuma ba abin da ke zama a jikinsa, fartanya ce ke cinyewa. Da aka tare gulbi, ruwa ya taso ya ci fadamar, ya ci ƙauyen. Mutanenmu suka watse. Wasu suka tafi inda aka nuna musu, wasu suka bi dangi. Maigidana ya samu aikin lebura a wajen ginin, wani direba ya ga yana da natsuwa ya koya masa tuƙa katafila. Muka dawo Talata Mafara, muka zauna a wata unguwa inda 'yan ƙauyenmu da dama suka taru.

Daga nan jikinsa ya sake. Wuni guda yana zaune a kan inji, hannu ne kawai ke motsi. Da safe shayi mai sukari da madarar gwangwani da burodi. Da rana shinkafa a wajen aiki, da lemon kwalba, don akwai zafi kuma akwai albashi. Ga fura kamar yadda ya saba, ga tuwon dare kamar yadda ya saba, bai rage komai daga cin manomi ba. Da farko kumatu suka cika, sannan wuya, sannan teɓa ta fito. Na buɗe ɗinkin rigunansa na ƙara ƙyalle, daga baya muka bar su muka ɗinka sababbi. Ba wanda ya ce masa ciwo ne. Cewa ake yi Allah ya buɗa masa. Mata in sun shigo sai su ce mini, "Ke kam kin iya kiwon miji." Ni ma a lokacin ina jin daɗin maganar.

Ni na fara ganin abin da mutane ba sa gani. In ya yi barci numfashinsa kan ɗauke, sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe. In ya tsuguna alwala sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Sujada ta zama masa aiki, goshinsa ba ya kaiwa ƙasa sai ya ware gwiwoyi, ya tashi yana haki, har ya koma yin nafila a zaune. Rannan gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan katafila a gefen wata babbar magudana da ake haƙa, saura kaɗan ta kife da shi. Shi ne shugaban aikinsu ya tura shi asibiti.

To, ga abin da likitan ya ce, kamar yadda tafinta ya faɗa mini, na kuma riƙe shi a ka. Ya bar sukari da duk abin da aka sa wa sukari. Ya bar burodi, shinkafa, rogo, dankali, doya, masa, hoce, kunu. Ya bar fura. Ya bar tuwo.

Maigidana ya ce, "Tuwon mi?"

Tafinta ya ce, "Kowane iri, Malam."

"Na gero fa?"

"Har na gero."

"Hura ko ba sukari?"

"Ya ce fura gero ce, sunanta kawai aka sake."

Maigidana ya dubi tafinta ya ce, "To gaya mishi na gane. Ba ya son in mutu da ƙiba, ya hi son in mutu da yunwa."

Da aka fassara, likitan ya yi dariya kaɗan, ya ce ba a hana shi ƙoshi ba. Ya ci nama, kifi, ƙwai, kaza, ganye kowane iri, kuɓewa, gauta, kabeji, gyaɗa kaɗan, nono marar sukari daidai misali, ya sha ruwa da yawa. Tambaya ɗaya na yi. Na ce mai fa, man shanu da man gyaɗa, ai na zaci su ne ke sa ƙiba. Ya ce in sa daidai, kada in ji tsoro. Ya ce jikin da ba ya aikin ƙarfi, hatsi da sukari yake mayarwa kitse ya ajiye, in aka yanke masa su sai ya koma cin ajiyarsa. Ban gane duka ba, har yau ba zan ce na gane ba. Yanzu ina jin jikokina suna kallon waya suna maganar wani tsarin cin abinci wai shi kito, suna faɗin abin da ake ci da abin da ake bari, sai in ga kusan abin nan ne. Mu ba mu san masa suna ba. Abin da na sani, likitan ya ja kunnenmu cewa wannan tsari na maigidana ne shi kaɗai, kuma ya riƙa dawowa duk wata ana duba shi.

Ni mace ce mai son abu ya bi layi. Da muka koma gida na raba madafina biyu. Tukunyar yara da baƙi daban, tasa daban. Da safe ƙwan zabi ko na kaji, da shayi ba sukari. Da rana kwaɗon zogale ko tafasa da ƙuli-ƙuli kaɗan, da gasasshen kifi. Da dare miya mai kauri, ta sure, wato yakuwa, ko ta kuɓewa ko alayyahu, da nama ko kifi a ciki, ya sha ta da cokali. Kifi bai yi mana wuya ba a shekarun nan. Ruwan da ya ci gonarmu ya tara tarwaɗa da karfasa, masunta na kawowa har ƙofar gida.

Farkon abin ya yi tsanani. Kansa ya yi ta ciwo, jikinsa ya mutu, bayan gida ya yi masa wuya, bakinsa ya riƙa wani wari da ban san shi da shi ba. Ya yi fushi da ni kamar ni na hana shi. Ranar nan ya shigo ya tarar ina kwashe tuwon yara, ya tsaya a bakin madafi yana kallon tururin.

Ya ce, "Ƙanzon nan fa, shi ma tuwo ne?"

Na ce, "Malam, uban tuwo ne."

Ya ce, "Da na san haka kike, da ƙanena na kai wa likita in ce shi ke dahuwa."

Ban sassauta ba. Bayan wannan wahalar ta wuce, sai yunwar ta kwanta. Ya ce abin mamaki, ba ya jin rawar jikin nan ta hantsi. Wata na farko likita ya ce an samu ragi, na biyu ya ce an ƙara samu. Na ga mazagin wandonsa yana ƙara tsawo. Barcinsa ya daidaita. Wata rana kafin sallar la'asar na leƙa ɗaki na gan shi yana sallar nafila a tsaye, ya sauka ya kai goshi ƙasa, ya daɗe, ya tashi ba tare da ya dafa komai ba. Ban ce masa na gani ba. Na koma madafi na gode wa Allah.

Duk wannan a cikin gida ne. Matsalar tana ƙofar gida.

A unguwarmu ana ciyayya. Bayan sallar magariba magidanta kan zauna a kan tabarma a ƙofar zaurenmu, kowane gida ya fito da akushinsa, a buɗe ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba. A ƙauyenmu haka ake yi tun kakanni, kuma da ruwa ya raba mu da ƙauyen, wannan zaman ne kaɗai abin da muka taso da shi bai lalace ba. Babba a zaman shi ne kawun maigidana, wan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa. Akwai kuma ɗan kawun, taubashin maigidana, mutum mai baki, da wasu maƙwabta. Bangon madafina shi ne bangon zauren, akwai 'yar taga a sama, saboda haka duk abin da aka faɗa a kan tabarmar nan yana shiga kunnena.

Da farko maigidana ya ce ba shi da lafiya, ya daina fita, ina aika tuwo kamar kullum. Amma ba a ciwo har abada. Da ya ji ƙarfi ya ce zai koma. Na yi tunani na ce, in tuwo ya fita daga gidan nan ya zauna a gabansa, zai ci. Sai na cika akushi da miyar sure da manyan gutsattsarin tarwaɗa, na aika ba tuwo.

Na ji lokacin da aka buɗe shi, don hira ta tsaya. Can sai muryar taubashin.

"Kai bawana, ina sauran? Ko uwar gidan ta aiko da miya, tuwon na biye a katahila?"

Maigidana ya ce, "Ci kihi, ɗan ƙauye. Rabonka da irinsa tun sunanka."

"Kihi zan ci. Amma miya ba tuwo, wanga ai maraya ne anka kawo mana."

Aka yi dariya, amma gajera. Aka buɗe akusan sauran gidaje, maigidana bai sa hannu ba, ya ce ya ƙoshi.

Ya kamata a san yadda shekarun nan suke. Yawancin waɗanda ke kan tabarmar sun rasa gonakinsu. Wasu an ba su tudu mai tsakuwa, wasu suna jira, wasu filayensu na cikin aikin gyaran noman rani, ba a bar su sun shuka ba. Akwai gidajen da tuwonsu na dare ke ƙanƙancewa, kowa ya gani, ba wanda zai faɗa. A irin wannan lokaci, akushin da ya fito ba tuwo ma'anarsa ɗaya ce a wajen mutanenmu: hatsi ya ƙare a gidan. Ga shi kuma maigidan yana ramewa, ga jita-jita cewa aikin ginin ya kusa ƙarewa za a sallami mutane. Suka haɗa waɗannan suka yanke cewa yunwa ce ta shigo mana, kunya ta hana mu faɗa.

Sai ga kwanon gero daga wannan gida, ga tiyar dawa daga wancan, ana kawowa ta hannun mata, ana cewa a dama wa yara kunu. Wata tsohuwa da na san da ƙyar take samun na bakinta ta kawo mini curin fura biyu a cikin mayafi, ta riƙe hannuna ta ce, "Kowa na shiga irin wanga hali, ɗiyata." Na ce mata muna da hatsi, na nuna mata buhuna a ɗaki. Ta ce, "To, to," irin ta wanda bai yarda ba.

Maigidana ya ji nauyin abin ƙwarai. Namiji a wajenmu ba ya son faɗin ciwonsa a bainar jama'a, amma ya fi ƙin a ɗauke shi mai karɓar sadaka daga waɗanda ya fi. Da maraicen nan, bayan an yi bismilla, ya ce yana da magana. Ya faɗa musu komai: awon jini, sukari, zuciya, gyangyaɗin da ya yi a kan inji, da abin da likita ya hana shi. Ni kuma daga ranar na koma aika akushi biyu, babba na tuwo don jama'a, ƙarami na miya da kifi don shi.

Wannan ya kashe maganar talauci, ya buɗe wata.

Taubashin ya ce, "Ashe ba babu ba ce, ƙi ne."

Wani maƙwabci ya ce, "Gero dai da munka tashi da shi, yau shi ne ciwo?"

Maigidana ya ce, "Lokacin ina noma shi ba ciwo ba ne. Yanzu zaune nike."

Sai Kawu ya yi magana, a hankali, kamar yadda ya saba. Ya ce, "Ɗana, wa ya hana ka?"

"Likita, Kawu."

"Na wajen aikinku?"

"Shi."

"Su sunka sa ruwa ya ci geronmu a gona. Yanzu sun biyo shi har cikin akushi. Kai kuma ka ce to."

Ba wanda ya yi dariya. Maigidana ya ce ba haka ba ne, likita daban, masu aikin ruwa daban. Tun daga ranar, duk lokacin da aka buɗe akushin gidan Kawu, maigidana ya naɗe hannu, ina jin shirun da ke biyo baya ta cikin bango. Ya shigo ya ce mini, "Da ciwon kai na farko da wanga zama, na hi son ciwon kai." Na ce ya yi haƙuri, za su saba. Ya riƙe. Ya riƙe har damina ta shigo ta wuce, likita ya rage masa ƙwaya, ya ce in aka ci gaba haka akwai fata mai kyau.

Da kaka, Kawu ya girbe gero. An ba shi wani tudu ne wajen Garbadu, ƙasa mai tauri, shekarun baya ba ta ba shi komai ba sai kara. Tsoho ne, amma ya yi ta kai mata taki a kan jaki, shi da ɗansa. A wannan shekara ta ba shi damma kaɗan. Shi ne geron farko da ya noma da hannunsa tun tashinmu daga ƙauye. Matarsa ta surfa, ta daka, ta tuƙa tuwon sabon gero, ta yi miyar kuka ta zuba man shanu. Ƙamshinsa ya shigo har madafina.

Na ji an ajiye akushin. Na ji Kawu da kansa ya ce a fara da shi. Aka yi bismilla, aka sa hannu, ana sa albarka.

Kawu ya ce, "Ɗana, matso."

"Kawu, Allah ya sa albarka. Allah ya maimaita mana."

"Ban ce ka yi addu'a ba, na ce ka matso."

"Kawu, ka san halin da nike ciki."

"Na sani. Na kuma san da geron hannuna na yaye ka daga maraici. Wanga ban san ko zan ga na baɗi ba." Sannan ya ce, "Na haɗa ka da Allah, ka ci."

Ina riƙe da ludayi a lokacin, na ajiye shi. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. In babba ya haɗa ka da Allah a gaban mutane, ba ka da sauran hanya. In ka ƙi, ba shi kaɗai ka ƙi ba. Na ji tabarma ta yi motsi. Na ji taubashin ya ce, "Yauwa, bawana ya dawo gida." Aka yi dariya ta gaske, irin wadda aka daɗe ba a yi ba a wajen.

Da maigidana ya shigo sai ya ce, "Loma uku na yi." Na ce, "Na ji." Ya ce, "Yau kaɗai." Na ce, "Allah ya sa."

Tuwon rana ɗaya ba ya kashe mutum, likitan ma ya faɗa da aka gaya masa. Amma mutane sun ga ƙofar da ake shiga. Washegari wani maƙwabci ya ce, in an ci na Kawu, nasa me ya yi, shi ma ya haɗa shi da Allah, da wasa-wasa, amma ya faɗa. Bayansa wani. Aka je suna Birnin Tudu, gwaggonsa ta dama fura ta haɗa shi da Allah. Aka je ɗaurin aure Maradun, abokin ƙuruciyarsa ya kawo kwanon masa da zuma ya haɗa shi da Allah. Ba ɗayansu da ya yi don mugunta. Kowa so yake ya ga an ci nasa. Shi kuma da ya ɗanɗana, tsohuwar yunwar ta farka. A gida ban sake tsarina ba ko da rana ɗaya, ƙwai da safe, ganye da rana, miya da kifi da dare. Amma abin da nake ragewa a ɗaki, ana mayar da shi a ƙofar gida.

Sai aikin ginin ya ƙare, aka sallami ma'aikata da yawa har da shi, likitan ya koma ƙasarsu. Maigidana ya sayi tsohuwar mota yana ɗaukar kaya tsakanin kasuwanni, zama dai bai ƙare ba. Ba sauran mai auna shi duk wata. Na ga mazagin wandon yana komawa yadda yake. Na ciro manyan rigunan da na naɗe na ajiye a akwati.

Sau ɗaya na yi abin da mace a matsayina ba ta saba yi ba. Na nemi izini na tafi gidan Kawu, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa, na gaishe shi gaisuwa mai tsawo, na tambayi gona, na tambayi ƙafarsa da ke ciwo. Sannan na ce, "Kawu, alfarma na zo nema. Kai ka buɗe wanga abu, kai kaɗai za ka iya ruhe shi. Ka gaya musu su bar haɗa shi da Allah a kan abinci."

Ya ce, "Ɗiyata, kin ga na taɓa nuhin shi da sharri?"

Na ce, "Ko kusa."

"Da ya rame, kamar ba ɗan gidanmu ba. Mutane na tambayata ko wani abu anka yi mishi. Yanzu ya dawo mutum."

Na ce, "Da ya rame yana sujada, Kawu. Yanzu ya koma sallah a zaune."

Ya ce, "Kwana na Allah ne. Ba tuwo ke ƙara shi ba, ba tuwo ke rage shi ba."

Na ce, "Haka ne." Ya sa mini albarka, ya ce ni macen kirki ce, ya ba ni goro. Bai gaya musu komai ba.

Bayan 'yan shekaru, da hantsi, maigidana na ɗaure kaya a mota a bakin kasuwa, igiya ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya zauna a ƙasa. Aka kawo shi gida bakinsa ya karkace. An kai shi asibiti Sakkwato, aka ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ya dawo ba hannu ba ƙafa a ɓari ɗaya, magana sai ni kaɗai ke ganewa. Mutanen ciyayya ba su guje shi ba, dole in faɗi wannan. Taubashin ne ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka da aski, yana tsokanarsa har ya ga ɓarin bakin da ke da rai ya motsa. Kawu, da sandarsa, yakan zo ya zauna a gefen gadon ya yi ta jan carbi. Ban taɓa tayar masa da maganar tuwon nan ba, shi ma bai tayar ba. Maigidana ya yi damina biyu a kwance, Allah ya karɓi abinsa. Kawu ya bi shi ba da jimawa ba. Allah ya jiƙansu duka.

Ni ba likita ba ce, kuma ban ce tuwo ne ya kashe mijina ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Ban kuma ce kowa ya bar hatsi ba, ni kaina da shi na tsufa. Abin da na gani da idona shi nake faɗa. Na ga jikin mutumin nan lokacin da ya bi abin da aka tsara masa, na kuma gan shi lokacin da aka fitar da shi daga kai. Ya iya jure yunwa, ya iya jure ciwon kai, ya iya jure ba'a. Abin da bai iya ba shi ne ya ji sunan Allah daga bakin wanda yake girmamawa ya ƙi miƙa hannu.

Saboda haka, kai mai karatu, ko ke, ina roƙon abu ɗaya. In kana zaune da ɗan'uwanka ko baƙonka, ya janye hannu daga kwanonka ya ce likita ya hana shi, ka yarda da shi. Ka tambaye shi abin da yake iya ci, in kana da shi ka kawo, in ba ka da shi ka ba shi ruwa ku ci gaba da hira. Kada ka ce loma ɗaya ce, kada ka ce ya raina abincinka, kuma kada ka haɗa shi da Allah.